Daga Maraɗi zuwa Yamai da jarkar jiƙo a ƙarƙashin kujera

A Maraɗi idan aka ce mutum yana da daji, maganar farko da za a ji daga bakin masu dubiya ita ce kada a bari a sa masa ƙarfe. Daji ba ya son allura, ba ya son wuƙa, da an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. A kan wannan magana ƙawata ta yi watanni tana ɓoye ƙullutun da ta ji a nononta na hagu, sannan aka ƙara wasu watannin ana kai ta wani ƙauye wajen Madarunfa wurin mai magani. Ya ba ta jiƙon sassaƙen maɗaci da wasu saiwoyi, da wani baƙin gari da ake kwaɓawa a shafa. Garin ya ci fata, wurin ya zama gyambo mai ruwa. Mai maganin ya ce dafin ne ke fita.

Tun muna ƴan mata muke tare, yanzu ma a unguwar Zariya gida biyu ne tsakaninmu. Tela ce, kuma sai da hannu ya ƙi ɗaguwa ta daina karɓar ɗinki sannan ta buɗe mini na gani. Muka je asibiti, aka ɗebi ɗan nama aka aika Yamai, muka yi ta jira. Da sakamako ya zo, likita ya ce sankarar mama ce, ya rubuta mana takarda zuwa cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa.

Mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna, ta kafe. "Ƴar nan," ta ce da ni, "ke ma kin gani, tun da suka tsaga ta abin ya ƙaru. Yanzu kuma ku kai musu ita gaba ɗaya?" Maigidan ƙawata ya yarda a tafi, amma shi ba zai iya rufe shago ba, don daga nan kuɗin maganin zai fito. Ni na ce zan raka ta. Inna ta saki a bisa sharaɗi guda: za mu tafi da jarkar jiƙo, a sha safe da yamma.

Motocin Yamai tun kafin asuba suke tashi, tafiyar kuma ta fi kilomita 600, wuni ce sur. Na roƙi yaron mota ya ba ta kujerar jikin taga ta hannun hagu, don kada mai wucewa ya buge ta a wurin ciwon. Jarkar na naɗe ta da zane na tura ƙarƙashin kujera. Tibiri a cikin duhu muka wuce ta. Gari ya waye mana wajen Gidan Rumji, lokacin hunturu ne, an gama yankan gero, sai karare tsaye a gonaki da sababbin rumbuna a bakin ƙauyuka.

Can gaba wani mai tallar magani ya shigo da jakarsa, ya tsaya a tsakiyar mota yana lissafi: basir, shawara, sanyin mata, hawan jini, ciwon suga, daji, ƙulli ɗaya jika ɗaya. Da ya ambaci daji na ji ƙawata ta gyara zama. Wata dattijuwa da ke bayanmu, wadda za ta sauka Ƙonni, ta lura da yadda take tallafe da hannu, ta leƙo ta ce, "Ƴata, me ke damun ƴar uwar taki?" Na faɗa mata. Ta dafa ƙirji. "Kada ku yarda su yi mata aiki. Ƙanwata an yi mata, ba ta yi wata huɗu ba Allah ya karɓi abinsa." Na yi mata ta'aziyya, sannan na tambaye ta tsawon lokacin da marigayiyar ta yi da ciwon kafin a kai ta asibiti. Ta yi shiru tana ƙirge, ta ce ya kai shekara uku.

Dattijuwar nan ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Duk wanda ya ce ƙarfe ne ya kashe ɗan uwansa ya ga aikin kuma ya ga gawar. Abin da ba ya ƙirgawa shi ne shekarun da suka gabaci aikin, lokacin da ciwon ke ratsawa zuwa hammata, zuwa ƙashi da hanta da huhu, ana ta shafa gari a waje. Kamar a kira masu kashe gobara bayan rufi ya faɗa, sannan a ce ruwansu ne ya rushe ɗakin. Kowace irin wannan mutuwa kuma tana ƙara wa maganar ƙarfi, sai mace ta gaba ta ƙara jinkiri. Ban faɗa wa dattijuwar haka ba, ba wurinsa ba ne, amma na faɗa wa ƙawata a hankali, ta ce ta ji.

A Madawa masu kilishi suka yi wa mota caa, na saya don tsarabar masu masaukinmu. Galmi kuwa tun daga nesa ake ganin buhunan jar albasar da sunan garin ya bi ta har ƙasashen waje, ga asibitin mishan da ke nan tun 1950, ƙofarsa cike da masu jinya. Muka wuce masana'antar siminti ta Malbaza, muka shiga Birnin Ƙonni da hantsi. Nan ake daɗewa, ana karin kumallo, masu canjin naira da sefa suna zagayawa saboda Illela na nan kusa. Mu ba mu ci komai ba tukuna. Na ja ta bayan wani shago, mai shagon ta ba mu tabarma da buta, na kare ta da mayafina na canza mata auduga. Wurin yana wari, kuma warin ya fi zafin damunta. Tun daga Maraɗi take fesa turare don kada na kusa ya ji.

Bayan mun bar Ƙonni ne ta yi maganar da na san tana cinta. "Ƙawa, in sun ce sai an cire fa?" Na ce sai a cire, ke ki zauna mana. Ta ce, "Kina ganin zai iya kallona bayan nan? Danginsa tun yanzu sun fara yi masa zancen ƙarin aure." Na riƙe hannunta na dama, na ce ba zan yi mata alkawari a kan zuciyar wani ba, amma autarta ba ta shiga makaranta ba tukuna, kuma ita uwa take nema. Ta yi kuka mai yawa, fuskarta a jikin taga. A ganina rabin abin da ke kai mata wurin mai magani ke nan. Shi yana cewa zai warkar ba tare da an cire komai ba, kuma macen da ke tsoron gorin kishiya da na dangin miji za ta biya ko nawa ne don ta ji wannan kalma.

Dogon Dutsi da tsaunukansa, Doso inda muka yi azahar, shingayen jandarmomi inda kowa ke fito da katinsa, duk ta yi barci a mafi yawansu. Wajen Kure mutane suka yi ta leƙe ko za a ga raƙuman dawa, ba mu dace ba. Da la'asar sakaliya muka shiga Yamai, muka sauka Bukoki gidan wani ɗan uwan maigidanta.

Layin cibiyar ya nuna mini girman ƙasar nan. Akwai mata daga Tawa, daga Damagaram, daga Agadas, akwai wadda ta zo daga Difa, fiye da kilomita 1,300. Sai a 2021 aka buɗe sashen gashin ciwon daji a nan, wato inda ake gasa ciwon da hasken na'ura, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan wanda ciwonsa ke bukatar gashi sai ya fita waje, wanda ba shi da hali kuma ya koma gida. Yanzu akwai, alhamdu lillahi, amma yana Yamai, mu kuma muna Maraɗi.

Da muka shiga wurin likita, mace ce, na ɗauko jarkar na ɗora a kan tebur, ƙawata tana mintsinina. Na yi haka ne don na san idan aka ɓoye, a ɓoye za a ci gaba da sha. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe ta shinshina, ta tambayi abin da ke ciki, muka faɗi wanda muka sani. Ta ce, "Hajiya, maganin da zan sa miki ta hanta da ƙoda yake bi ya fita. Wannan ma ta nan yake bi, kuma ni da ke da wanda ya haɗa shi babu wanda ya san ƙarfinsa. In hantarki ta gaji, dole in ɗage miki magani, ciwon kuwa ba ya jira." Ta ce addu'a da tofi da ruwan zamzam a yi ta yi, zogale a ci shi a kwaɗo kamar yadda aka saba, amma jiƙo da garin shafawa a ajiye. Ta tsara mana yadda za a bi: ƙarin ruwan magani, wanda suke kira shimiyo, duk bayan mako uku don ƙullutun ya ragu, awon jini kafin kowane zagaye, daga baya aiki, daga baya gashi.

Na tambaye ta ko ita ba ta yarda itatuwa na magani ba. Ta ce ta yarda mana. Taxol da ake ba masu sankarar mama, asalinsa daga ɓawon wata bishiya ce ta Arewacin Amurka. An ɗebo ɓawon a 1962, amma sai 1992 hukuma ta amince da shi, shekara 30 ana tacewa, ana awo, ana gwada wa zai amfana da kuma yawan da zai cutar. Wannan awon shi ne babu a jarkarmu. Da dare ɗan masu masaukinmu, wanda ke karatun likita, ya nuna mini a wayarsa wani bincike da masana na jami'ar Yale ta Amurka suka fitar a 2018. Masu ciwon daji da suka ƙi maganin asibiti suka tsaya ga na gargajiya kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa ya haura sau biyar.

Duk da haka ba zan ce Inna jahila ce ba, kuma ina jin zafi idan ƴan boko suka faɗi haka a kan iyayenmu. Mai maganin Madarunfa yana kusa, ana zuwa a dawo kafin azahar. Yana karɓar kaza da ƴan jikkuna, saura a kawo bayan kaka. Yana zama ya saurara, ya kira ta ƴata. Asibiti kuwa kuɗin mota, kuɗin awo, kuɗin hoto, kuɗin magani, duk a hannu ake so, a garin da kake baƙo. Kafin a sa mata ruwan farko an sayar da awakinta da ƴan kunnenta na zinari. Wanda ke son mata su daina zuwa ƙauye neman magani, ya fara da kusanto musu da awo da magani, ya kuma rage musu tsada.

Ruwan farko ja ne, an gargaɗe mu fitsari zai yi ja kada mu tsorata, gashin kai zai zube, kuma idan zazzaɓi ya zo a tsakanin zagaye kada a tsaya shan komai a gida, a tafi asibiti ko tsakar dare ne, domin maganin yana rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Komowa ta yi wuya. Amai tun daga Doso, lemun tsami a hanci, leda a hannuna. Sai bayan isha'i muka ga fitilun Maraɗi.

Inna ta fara duba jarkar kafin ta dubi ƴarta, ta gan ta cike. Ban yi gardama da ita ba. Washegari na roƙi limamin unguwa, wanda take jin maganarsa, ya shigo dubiya. Ta kawo masa hadisin habbatus sauda, cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Ya ce hadisi ne ingantacce, kuma Annabin da ya faɗe shi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce bayin Allah su nemi magani, an yi masa ƙaho, ya kuma aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita wanda ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas. "To Hajiya, ƙarfen ba shi ne haramun ba. Ki bar masu sani su yi aikinsu, ke ki riƙe addu'a, taki ta fi tamu karɓuwa a kanta."

Ta karɓi wannan. Yanzu ita ke dama kunun gyaɗa, ita ke tofi safe da yamma, ita ke korar masu dubiya da suka zo da mura ko da sabon ƙullin magani. Da gashin ya fara zuba ita ta aske sauran da hannunta ta ɗaura mata kallabi. Matan adashinmu sun yarda a ba ƙawata kwasar wannan wata maimakon tawa, shi ne kuɗin zagaye na gaba. Awon jini a nan Maraɗi za mu yi shi kafin mu sayi tikiti, don kada mu yi tafiyar wuni a ce mu dawo. Maganar aiki kuwa Inna ba ta amince ba har yanzu, ta ce sai babban wan ƙawata ya dawo daga Kano a zauna. Na karɓi lambarsa, zan kira shi kafin ya taso.