Kafin ka buga sunanka a ƙasan takalmi

Ɗan ƙanwata ya same ni a shago nan Jidda, yana nuna min tambarin da ya zana a waya. Wai zai bar maigidansa ya fara takalman alfarma da sunansa, wani mai kuɗi zai zuba jari. Na ce, "Ɗana, auna min ƙafata." Bai san ta inda zai fara ba.

Abin da ni ma na yi ke nan a da. Na bar badukun da ke koya min tun hannuna bai faɗa ba, don na ga mahajjata na rububin kayana a lokacin Hajji. Ban yi tunanin mahajjaci saye yake ya tafi ba, ba zai dawo ya ce takalmin ya ci masa dunduniya ba. Mutanen gari kuwa sun dawo, kuma sun faɗa. Amma ku yi min adalci: maigidan nan ba ya biyana abin kirki, ga iyali, ga haya. Wa zai zauna? Sai dai da na zauna, da na iya yankan fata. Mai jarin da na samu, da sunansa aka yi takardun shago. Ranar da muka ɓata, ya tafi da shagon da tambarin, ni na fito da basilla da almakashi. Har yau abin na cina.

Ku da ke kallon takalman Ferragamo a intanet, kun san shi Ferragamo, badukun Italiya da ya kafa kamfanin, sai da ya shiga jami'a a Amurka ya karanci ƙirar jikin mutum don ya gane inda nauyi ke sauka a tafin ƙafa? Duk da haka ya karye a 1933. Jimmy Choo, wani shahararren mai ɗinkin takalma, a hannun mahaifinsa ya koyi sana'a a Malesiya, a 2001 ya sayar da kasonsa na rabin kamfaninsa, kamfanin ya ci gaba da sunansa babu shi.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma 'yan yanzu ba ku da haƙurin saurare, hoto kawai kuke so. To, ku zauna gaban maigida har ya ce kun iya. In kuma yana cutarku, ku tashi, kada ku tsufa a inuwar wani. Kuma duk wanda zai ba ku jari, a rubuta, a sa shaidu, ko da wanku ne uwa ɗaya uba ɗaya.