Atisayen Dodgers a Arizona

Jama'a, gani ya kori ji. Yau da safe na leƙa filin Camelback Ranch a Glendale, jihar Arizona ta Amurka, inda 'yan besbol na ƙungiyar Dodgers ke atisayen share fagen kakar wasa. Igiya kawai ta raba mu da su. In ƙwallo ta faɗa safar hannun mai tarewa, tas! har cikin ƙirjinka. Shohei Ohtani, tauraron Dodgers ɗan ƙasar Japan, ya gifta, 'yan jaridar Japan suka bi shi ɗuu.

Ni kuwa samarin nan masu neman gurbi a ƙungiyar, masu lamba 80 da ɗoriya a bayan riga, suka fi ba ni tausayi. Gumi suke ta yi ba wanda ke kiran sunansu, alhali mutum 26 kacal za a ɗauka ƙarshen Maris, saura a tura su ƙananan ƙungiyoyi.