Kafin ka sayi tikitin wurin wasa a Dubai, ka fara auna tsayin ɗanka

Kusan shekara biyu yarana suka yi suna damuna da maganar. Tun da wani ɗan ajin su Khalifa a nan Agege ya nuna musu bidiyon jirgin wasan nan mai hawa sama ya kifo da mutane, shikenan kullum sai Abba yaushe za mu je, Abba yaushe za mu je. A lokacin kuwa ko kana da kuɗin babu hanya, don tun 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rufe wa 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ma ya daina zuwa Legas. Sai a Yulin 2024 aka buɗe bizar, jirgin ya dawo farkon Oktoba. Da Allah ya hore, dogon hutun da ya biyo baya na kwashe su, ni da Maman Khalifa da yara biyu.

Maganar biza ba zan ja ta ba, abu ɗaya kawai zan ce: kar ka biya kuɗin otal ko tikitin da ba a mayarwa sai biza ta fito ka gan ta da idonka. Ejan ɗin da ya yi mana ya ce sati ɗaya, sai da muka haura sati uku, kullum "Alhaji gobe in sha Allahu". Kuma ka duba fasfo ɗin kowa har na ƙaramin cikinsu, ya zama da saura wata shida ko fiye kafin ya ƙare.

Abin da ban lissafa da kyau ba shi ne zafi. Mu a nan Legas watan Agusta sanyi-sanyi ne, ga hadari ga yayyafi, sai ka ɗauka ko'ina haka ne. Can kuwa lokacin ne tsakiyar zafinsu, sama da digiri 40, iskar ma da ɗumi take zuwa kamar ka tsaya a bakin tandar mai burodi. Mun sauka bayan wajen awa takwas a sama, agogonsu na gaban namu da awa uku, ina fita daga filin jirgi gilashin idona ya rufe da tururi. Allah ya taimaka wani abokin kasuwancina da ya saba zuwa sayayya Deira, unguwar kasuwanni a Dubai, ya riga ya ja min kunne cewa in dai Agusta ne to in nemi wuraren da ke cikin rufi masu esi. Haka muka yi: IMG Worlds of Adventure a Dubai, sai Warner Bros. World da Ferrari World a tsibirin Yas na Abu Dabi, duk a cikin rufi suke. Wanda yake son na fili irin su Motiongate da Legoland da ke can wajen Jebel Ali, gaskiya ya bari sai Disamba ko Janairu.

To yanzu ga abin da ya sa na zauna nake rubutun nan.

Khalifa shekararsa 12, amma ɗan tsurut ne, jikin dangin mahaifiyata ya ɗauko. Duk tafiyar nan shi abu ɗaya ya kai shi, Formula Rossa, jirgin da ke Ferrari World wanda yake kai gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har sai an ba ka tabarau ka sa don kare ido. Ya haddace komai nasa. A tasi, tafiyar wajen awa ɗaya daga Dubai zuwa Yas, bakinsa bai rufe ba. Muna shiga bai kalli komai ba ya ja hannuna sai can. A bakin layin akwai wani allo mai alama, wata ma'aikaciya ta ce ya tsaya a jiki. Santimita 140 ake nema. Yaron nan ya miƙe iya miƙewa, na ga yana ɗaga dunduniya a hankali yana fatan ba za ta lura ba, ta yi murmushi ta ce ya sauke ƙafa. Bai kai ba, abin da ya rage bai fi faɗin yatsu biyu ba. Na roƙe ta, na ce daga Najeriya muka zo, ta ba ni haƙuri sosai ta ce ƙarfen da ke riƙe mutum a kujera an yi shi ne daidai da wani tsayi, in yaro bai kai ba zai iya zamewa. Gaskiyarta ne, ni ma da na nutsu ba zan so ta bar shi ba.

Bai yi kuka da murya ba. Ya koma gefe ya zauna a kan wani benci ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan wandonsa. Mamansa ta zauna kusa da shi tana cewa yi haƙuri Babana, ni kuwa wallahi abin ya tsaya min a ƙirji, don ƙa'idar tana nan a rubuce a shafinsu na intanet, kowane jirgi da tsayin da ake nema, da na duba tun muna gida da na shirya masa zuciya tun kafin mu taso. Tsayi suke dubawa. Tef ɗin tela ya ishe ka, ka auna kowane yaro ka rubuta, ka buɗe shafin wurin ku duba tare, ka ce masa wannan za ka hau, wannan sai wani zuwan. Daga baya ya hau wasu ya sake, har dariya ya yi, amma na san ba shi ya zo nema ba.

Kuɗi kuma, kar ka dogara da katin naira. Nawa ya ƙi wucewa a wurin sayen abinci, ga layi a bayana ga yara da tire a hannu. Dalar da na canza wurin mutanenmu 'yan canji kafin mu taso ita ta fitar da ni, na mayar da ita dirhami a can, kuma lissafin ba wuya tun da dirhami a ɗaure take da dala, wajen 3.67 kowace dala ɗaya. Tikitin shiga ka saya ta intanet tun kafin ranar, in za ku shiga wuri biyu ko uku a Yas akwai na haɗi, ya fi sauƙi. Kuma ka tuna hutun ƙarshen makonsu yanzu Asabar da Lahadi ne tun 2022, ranar da muka je Talata layin bai kai rabin na Asabar ba.

Sai maganar sutura. Ni na fita da kaftani da hula kamar zan je ɗaurin aure, ashe duk abin da zai iya tashi sama sai ka ajiye shi a loka, hula, waya, makulli. Maman Khalifa ta fi ni dabara, ƙaramin hijabi ta sa mai kama kai ta cusa bakinsa cikin abaya, ba wanda ya tsayar da ita. Dogon mayafi mai yawo kam ba zai yi ba. Takalmi kuma mai taushi, don yini za ka yi a tsaye.

Abin da ya sanyaya min rai shi ne sallah. Duk inda muka shiga akwai masallaci da wurin alwala tsaf, na maza daban na mata daban, abinci kuma ba ka da fargaba. Kafin mu tafi na tambayi limamin masallacinmu hukuncin ƙasaru, ya yi min bayani, hakan ya sauƙaƙa mana sosai.

Abu biyu da mutanenmu ke tuntuɓe da su. Kiran WhatsApp ba ya shiga a can, saƙo ne kawai ke tafiya, Hajiya tana Kano ta yi ta kira hankalinta ya tashi sai da muka sauke manhajar kira ta Botim. Na biyun ya fi haɗari, magani. Irin su tiramadol da kodin suna da tsauri a kansu ƙwarai, ka zazzage jakar kowa tun a gida, kuma kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgin Murtala komai kusancinku. Ummi kuwa, ƙanwar Khalifa 'yar shekara 7, na rubuta mata lambar layin da na saya a can a ɗan kati na maƙala a wuyan rigarta, don sau ɗaya ta bi wani mai kayan zomon katun a Warner Bros., minti biyu ne kawai amma ƙafata sai da ta yi sanyi.

Da muka dawo Agege, Khalifa da kansa ya je wurin telan layinmu ya aro tef, ya sa na ja masa layi da biro a jikin ƙofar ɗakinsu daidai 140. Duk ranar Juma'a in mun dawo masallaci sai ya tuɓe takalmi ya jingina, ya kira ni in zo in duba. Telan ya ce ya riƙe tef ɗin ya bar masa.