Baƙin Kare a Tsakar Rana da Filashin da Ya Iya Aikin

'Yan'uwa masu koyon ɗaukar hoto, jiya da hantsi na samu abin da na daɗe ina fafutuka a kansa: hoton baƙin karen maƙwabcina yana sheƙa gudu a fili, gashin wuyansa ya fito ɗaya bayan ɗaya, bishiyoyin da ke bayansa kuma sun dushe yadda nake so. Ba zan ɓoye muku ba, na yi ta kallon hoton nan ina murmushi ni kaɗai.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar baƙar dabba a rana ya san ciwon. Idan ka auna haske da sararin sama, dabbar ta koma dunƙulen gawayi mai ƙafa huɗu. Idan ka auna da jikinta, sama da ƙasa su yi fari fat. Ƙaramin filashina na kan kyamara, mai cin batir AA guda huɗu, yana cike inuwar sosai muddin karen yana zaune, amma kyamarata ba ta yarda shota, wato labulen da ke buɗewa ya bar haske ya shiga, ta wuce saurin 1/200 na daƙiƙa tare da filashi, kuma a ranarmu ta nan, a ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske), wannan yana tilasta mini rufe lensi zuwa wajen f/11, wato ƙaramar kafa. Sakamakon haka, kowace leda da ke bayan dabbar sai ta fito tangaram, ƙafafunta kuwa da zarar ta motsa sai su yi inuwa biyu.

Na koma tsarin HSS, wanda ke barin filashi ya yi aiki da shota mai sauri fiye da haka, domin in buɗe lensi zuwa f/2.8, shota kuma ta kai 1/3200, kuma a nan ne na fi shan wahala. Da zarar an wuce 1/200, labulen shota na biyu yana fara rufewa tun na farko bai gama buɗewa ba, saboda haka dole filashi ya daina bugu ɗaya mai ƙarfi, ya riƙa ƙyaftawa da sauri har siririyar kafar ta ratsa hoton baki ɗaya. Fiye da rabin ƙarfinsa yana salwanta a wannan rabon. Ga shi kuma idan nisa ya ninka, hasken da ke isa jikin dabbar kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai, kare mai gudu kuwa ba ya tsayawa inda ka ajiye shi. Na ƙure ƙarfin filashin, ya riƙa ɓata daƙiƙoƙi kafin ya sake cika, daga bisani ya yi zafi ya tsaya cak, daidai lokacin da karen ya yi tsallen da nake jira. Haushin da na ji ranar nan ba ya faɗuwa.

Na jarraba gilashin ND8 mai rage haske mataki uku, wanda ya ba ni f/4 a 1/200 da cikakken ƙarfin filashi. Ga magen da ta miƙe a kan katanga, wannan ya wadatar, kuma shi ne mafi arha. Gudu ne dai ba ya iya tsayarwa.

Abin da ya raba gardama shi ne filashin Godox AD200, mai ƙarfin 200Ws (Ws ma'aunin ƙarfin filashi ne) da batirin litiyam, alhali irin na kan kyamara ba su cika wuce 76Ws ba. Kuɗinsa ya yi kusan ninki uku na ƙaramin, ban da tirigar X2T, na'urar da ake ɗorawa kan kyamara ta tayar da shi daga nesa, kuma da canjin dala na lokacin aljihuna ya ji a jikinsa. Na kafa shi a gefe, daidai tsayin kafaɗar karen, rana tana bayansa, sannan wani yaro ya jefa masa ƙwallo ta gaban fitilar. Sauke filashi daga kan kyamara ya kuma kawar da koren ƙyallin nan na ido, wanda shimfiɗar da ke bayan idon kare da mage take mayarwa idan haske ya shiga kai-tsaye.

Saura matsalar iska, domin farar laimar da na ɗaura don tausasa hasken ta kifar da sandar har ƙasa, Allah ya kiyaye fitilar ba ta fashe ba. Yanzu ina ɗinka jakar yashi da zan danne ƙafafun sandar da ita, kuma idan akwai wanda ya gwada ƙaramin akwatin haske a wajen da iska ke kaɗawa, ina son jin yadda ya kaya.