Murafan da na zubar

Har yau in na tuna murafan robar ruwan nan sai raina ya ɓaci, kuma kaina nake jin haushi ba kowa ba.

Autana na da galahanga, lalurar nan da ke taɓa maganar yaro da mu'amalarshi da mutane, tawahhud dai yadda ake ce mata nan Makka. Tun yana shekara 3 aikinsa kenan, ya tara murafai ya jera tun daga ƙofar ɗaki har kicin, in ya gama ya hau kaɗa hannuwa kamar zai tashi sama. Matan Shara Mansur kowa da nata, wata tace aljanu, surukata tace yaron nan fa ba kai. Ni ma wallahi na yarda, tunda baya magana.

Ran nan gajiya ta kamani na tattara su kaf na zuba a shara, wai in rabashi da shirme. Kwana 4 yaron nan bai ci abin kirki ba, ga buga kai da bango wanda da bai taɓa yi ba.

Shine muka kaishi wajen daktora, tayi mishi gwajin basira wanda ba sai an yi magana ba, zane ne da hotuna ka nuna wanda zai cike gurbi, yaro ya dinga cankowa ina zaune baki buɗe. Tace Hajiya maimaicin nan kala biyu ne, akwai na jiki irinsu kaɗa hannu da jijjiga, shi an fi ganin ya daɗe ga yaran da fahimtarsu ke baya, akwai kuma na son tsari da naci kan abu ɗaya, wannan har masu kaifin kai suna yi. Amma tace kaɗa hannu kaɗai baya auna ƙwaƙwalwar yaro, da yawansu hankalinsu suke kwantarwa dashi, in ba rauni yake ji ma kanshi ba a barshi.

Ashe jerin ma ba haka kawai yake ba, shuɗi biyu fari ɗaya, shuɗi biyu fari ɗaya, shekara guda ina tsallakewa ban taɓa sunkuyawa na duba ba. Ni da na share.

Yanzu surukar tawa ce ke tara mai murafai a leda. Akwai wani kore guda da yake sawa a ƙarshe, cikin waɗanda na zubar yake, mun kawo kore kala kala ya ƙi karɓa, gurbin yake bari.