Zuciya huɗu na riƙe, ta biyar ta ƙi fitowa

Kafin wani ya fara min wa'azi, ba kuɗi muke sakawa ba, wake ne. Da gyaɗa muka fara amma kafin a raba karta rabi ta tafi ciki. A ɗakin wani abokina a Gwallameji, Bauchi, muke buga kartar foka, irin Texas Hold'em ɗin nan, kowa kati 2 a hannu, 5 a tsakiya.

Ranar ina riƙe da kati 2 masu alamar zuciya, a tabarma ma ga zuciya 2, saura kati ɗaya a buɗe, in zuciya ta fito na haɗa fulosh kenan, wato kati 5 masu alama iri ɗaya. Wake 60 ne a tsakiya, mutumina ya tura 40 yana wani murmushi. Ni ko jikina ya ba ni tana tafe wallahi, ban tsaya tunani ba na bi, ni ma na tura 40. Aka buɗe, baƙin kati. Shiru kake ji.

Wani ɗan lissafi a cikinmu ya ce malam zo nan. Karta 52 ce, ka ga 6, saura 46 da ba ka gani ba, zuciya 13 ce ka ga 4, saura 9. Wato 9 cikin 46, kusan sau ɗaya a biyar. To ka yi wannan bin sau biyar, sau huɗu ka zubar da 160, sau ɗaya ka kwashi 100, wace irin kasuwa ce wannan? Na ce ai da ta fito fa? Ya ce ko ta fito wauta ka yi, sa'a ce ta rufa maka asiri. Maganar ta min zafi amma ban samu amsa ba.

Tun daga nan waken da aka tura nake fara ƙirgawa kafin na saurari jikina. Bayan sati biyu na sake faɗawa irin wannan hannun, 100 a tsakiya, mutumina ya tura 20 kawai. Huɗu na rasa 80, ɗaya na ci 120, wannan kam da riba, na bi. Zuciya ta fito kuwa, har na miƙa hannu zan tattara wake ya ce dakata oga, ya buɗe nasa, zuciya 2 shi ma, da sarki a ciki, ni kuma 8 da 5, nasa ya fi nawa girma. Ashe 9 ɗin da nake ta ƙirgawa 7 ce, biyu na hannunsa, kuma duk wadda ta fito shi take yi wa aiki. Ɗan lissafin namu ya sosa kai ya ce wannan darasin sati mai zuwa ne.