Hoton kaka da jika: yadda ake sa shekaru su fito a fuska

Duk wanda ke son hotonsa ya nuna wucewar lokaci a cikin zuri'a ɗaya, sai ya ɗaure komai a wuri guda, ya bar fuskokin mutane kaɗai su sauya. Na fahimci haka ne ranar da na jera hotuna uku na iyali ɗaya, waɗanda na ɗauka shekara bi shekara. A na biyu hancin uwar ya yi girma, kunnuwanta sun ja baya, a na uku kuma ta koma daidai. Ba ita ce ta sauya ba. Ni ne na matso kusa a shekara ta biyu, na kuma yi amfani da wani gilashin kyamara daban. Mai kallo ba zai iya raba aikin shekaru da kuskuren mai hoto ba, don haka jerin ya lalace.

Manyan da suka yi fice a wannan fanni sun riƙe wannan ƙa'ida da ƙarfi. Nicholas Nixon a Amurka ya fara ɗaukar matarsa da 'yan'uwanta mata uku a 1975, hoto ɗaya ake zaɓa kowace shekara, baƙi da fari, kuma kowace tana tsayawa a gurbinta daga hagu zuwa dama, ba a taɓa musanya su ba. Diego Goldberg a Ajantina ya ware ranar 17 ga Yuni, tun daga 1976, yana ɗaukar fuskar kowane ɗan gidansa kai tsaye daga gaba. Babu ado a cikin aikinsu. Tsarin da bai motsa ba shi ya sa ido yake kama ƙaramar tamoji da ta bayyana a gefen baki.

Nisa shi ne farkon abin da nake aunawa, domin shi ke tsara siffar fuska. Idan kyamara tana ƙasa da mita ɗaya daga mutum, hanci ya fi kunne kusa da ita sosai, sai ya kumbura. Daga mita biyu zuwa uku fuska take zama yadda ido ya saba ganinta. Ina ajiye kyamara a mita 3 cif, in auna da tef daga ƙafar tsakiya ta sandar kyamara zuwa yatsun ƙafar wanda ke gaba, in manna alama a ƙasa. A wannan nisa, gilashi mai milimita 50 a kan kyamara mai cikakken firam (wadda na'urar ɗaukar hotonta ta kai girman fim mai milimita 35) yana ɗaukar faɗin kusan mita 2, wanda ya ishi mutum huɗu daga ƙugu zuwa sama. Idan mutum ɗaya ko biyu ne, sai in sa mai milimita 85. Mai amfani da waya ya kula: babban idon yawancin wayoyi mai faɗi ne, wajen milimita 24 zuwa 26, kuma yana miƙar da fuskar duk wanda ya faɗa gefen hoto. A danna 2x ko 3x, a ja da baya, a kuma kashe duk wani saiti na gyaran fata, don shi ne ke goge ainihin abin da aka zo nema.

Tsayin kyamara ma ina rubuta shi. Ga waɗanda ke zaune, ina sa ta daidai idon dattijon da ke tsakiya, wajen santimita 115 zuwa 120 daga ƙasa. Idan ta sauka, haɓa da ƙofofin hanci suke fitowa; idan ta hau, goshi ya faɗaɗa, mutum ya ƙanƙance.

Sai buɗewar ƙofar haske, inda masu sabuwar kyamara suka fi faɗawa rami. Suna son bayan hoto ya narke, sai su buɗe ta sosai zuwa f/2 (ƙaramar lamba na nufin babbar buɗewa). Da gilashin milimita 85 a mita 3, abin da zai fito tar a f/2 bai wuce zurfin santimita 15 ba. Jikan da ke kan cinya zai fito, kakar da ke riƙe da shi ta yi dishi-dishi. A f/8 zurfin yana kai wajen santimita 60, da mai milimita 50 kuwa ya kusa mita 2. Don haka f/8 nake tsayawa, gudun ɗauka kada ya gaza 1/160 saboda yara ba sa zama shiru kuma hannun tsoho yakan yi rawa, sauran gibin in cike shi da ISO, wato saitin da ke ƙara wa kyamara ƙarfin kama haske. Ɗan ƙura-ƙuran ISO 1600 ya fi mini fuskar da ta motsa.

Haske shi ne wurin da na fi ɗaukar lokaci, domin shi ke yanke hukuncin nawa ne daga cikin shekarun mutum zai bayyana. Hasken da ya zo kai tsaye daga gaba, irin na filashar da ke kan kyamara, yana cike kowane layi na fuska, ya shafe ta kamar bango. Wanda ya zo daga gefe sosai yana tona kowace tamoji har ta yi zurfin da ba nata ba, tsohuwa mai shekara 70 ta koma kamar mai 90, kuma wannan ma ba gaskiya ba ne. Abin da ya yi mini daidai shi ne babbar taga wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye, tana gefe da kusan digiri 45, ɗan sama da kai. A ɗaya gefen ina jingine farin kwali mai faɗin mita ɗaya, nisan taku ɗaya daga kafaɗa, don ya mayar da haske cikin inuwa. Fitilun ɗaki duk a kashe, saboda haɗa su da hasken taga yana sa rabin fuska ya yi rawaya, rabi shuɗi. Babba nake zaunarwa kusa da taga. Fatar yaro sumul take, tana ɗaukar kowane irin haske. Ta tsoho ce ke buƙatar kulawa, kuma idanunsa da suka shige ciki suna buƙatar ɗigon hasken nan da ke sa ido ya rayu. Idan yana sa tabarau, kada a cire masa, don ya zama wani ɓangare na fuskarsa. A ɗaga ƙafafun tabarau kaɗan daga kan kunne, gilashin ya sunkuya, ƙyallin ya sauka ƙasa.

Kyamara tana ruɗewa idan baƙar fata ta haɗu da fararen tufafi: takan rage haske don farin, fuska ta nutse. Ina auna hasken a kan katin toka mai kashi 18 da aka riƙe a gaban fuska, in kulle saitin da hannu, in ɗauki katin a hoton farko. Da shi nake daidaita launi daga baya, ta yadda fatar bana za ta yi daidai da ta bara. A RAW nake ɗauka koyaushe, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta gyara ba.

Kamanni ba a fuska kaɗai yake ba. Bayan hoton taro, ina ɗaukar hannuwa. Na taɓa ɗora hannuwa huɗu a kan baƙin ƙyalle, na uwar kaka a ƙasa, na tattaɓa-kunne a sama. Ƙaramin yatsan kowannensu ya lanƙwasa ciki a gaɓar ƙarshe, daga mai jijiyoyi a waje har zuwa wanda bai kai tsawon ashana ba. Su kansu ba su taɓa lura ba. Don irin wannan hoton a matso zuwa santimita 60, a rufe zuwa f/11, hasken ya zo daga gefe don layukan fata su tashi.

Game da dariya, ba na cewa kowa ya yi murmushi. Murmushin dole yana ɓoye siffar baki da kumatu, wato wuraren da gado ya fi bayyana. Ina barin su su yi hira, in tsaya gefen kyamara da maɓallin nesa a hannu, in jira lokacin da magana ta ƙare fuskoki suka kwanta. Ina ɗaukar 30 zuwa 40, saboda cikin mutum biyar da wuya a rasa mai ƙifta ido. Minti 20 ya isa. Bayan haka jariri ya fara kuka, tsoho ya gaji da zama. A gama saiti da wani a kan kujerar kafin a kira su.

Wani reshe na aikin shi ne sake tsohon hoto, a sa jika a tsayuwar kakansa lokacin da yake shekarunsa. Kafin komai ina karanta tsohon: inuwar hanci da ɗigon haske a ido suna faɗa mini inda fitila take. Idan hoton murabba'i ne kuma ana ganin ƙasan haɓa, akwai yiwuwar an ɗauke shi da irin kyamarar nan mai ido biyu da ake riƙewa a ƙugu ana leƙawa ta sama, don haka sai in saukar da tawa zuwa kusan mita ɗaya. Wajen jera su, tazarar da ke tsakanin idanu biyu nake daidaitawa, ba girman kai ba, domin gashi da hula suna yaudara. Tsohon hoton a yi masa sikanin a dpi (yawan ɗigo a kowane inci) 600, ƙarami sosai a 1200, dodon hoto (fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi) kuma 2400 zuwa sama, a ajiye a TIFF, irin fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto. Ina share ƙura da karce, amma ba na mayar da shi sabo. Hoton kala da ya koma ja-ja, rininsa mai shuɗi-kore ne ya riga sauran kodewa, kuma wannan kodewar tana cikin labarin. Kada a yi masa laminatin: zafi da gam suna kama fuskar hoton, ba a kuma iya cirewa.

Aikin da zai ɗauki shekara 20 ko 30 zai fi kyamara da kwamfutar da aka fara shi da su daɗewa. Ina ajiye kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini daban, kuma duk shekara ina wanke zaɓaɓɓen hoton a girma ɗaya da tawada mai ƙwayar launi a kan takardar auduga. A bayansa, da fensir mai laushi, ba biro ba don yana hudowa, nake rubuta kwanan wata, sunaye daga hagu zuwa dama da shekarun kowa. Takardar awo tana cikin akwatin tare da su: nisa, tsayi, gilashi, f/8, wace taga, ƙarfe nawa.

Tsarin tsayuwa kuma a tsara shi tun ranar farko da sanin cewa adadin zai sauya. Sabon haihuwa yana shiga ta gefen dama ko kan cinyar uwarsa, ba a tura kowa daga gurbinsa. Idan wani ya rasu, ina tambayar iyalin abin da suke so kafin ranar ɗauka, ba a gaban kyamara ba. Waɗanda suka amince, muna barin kujerar a inda alamar take a ƙasa, sauran su tsaya inda suka saba, in ɗauka daga mita 3 kamar kullum.